Kofur Lado, Direban Tankar Ruwa

Lado ya dawo Katsina a damunar da soja suka miƙa mulki. Ya sauka a tasha da akwatin ƙarfe da katifa a naɗe, ya ɗauki baburan kabu-kabu biyu, ɗaya shi ɗaya kayan, zuwa Ƙofar Durbi, gidan da aka haife shi. Shekarunsa sun ɗan haura arba'in. Wansa Gwadabe, tela, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya sa aka share masa shagon da ke jikin zaure, mai ƙofa ta waje da ƴar taga da ke kallon tsakar gida.

Tun yana saurayi yaron mota ne a hanyar Jibiya, a nan ya koyi tuƙi. Da aka zo ɗibar soja ya raka wani abokinsa, aka ɗauke shi aka bar abokin. Da suka gane ya iya mota sai suka ba shi tankar ruwa, kuma a kanta ya ƙare aikinsa: ya cika ta, ya kai bariki, ya juye, ya koma. Bindiga kuwa, in ban da wurin horo, bai taɓa auna kowa da ita ba. Ya yi aure a Makurɗi, auren bai yi ƙarko ba, babu haihuwa. Daga baya aka tura su wata ƙasa can bakin teku inda ake yaƙin basasa, can ma ruwan ya ci gaba da ɗauka. Wata rana wani abu ya fashe kusa da tankar. Ya fito ko ƙwarzane babu, amma kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Dalilin sallamarsa ke nan, yana da igiya biyu, wato kofur.

Gwadabe ya san wannan duka, matarsa Safara'u ma ta sani. Abin da unguwa ta sani shi ne soja ya dawo.

A wannan shekarar mutane sun ƙoshi da kaki. Kusan kowa na da labarin wanda aka sa tsallen kwaɗo a layin mai, ko wanda aka zane a gaban iyalinsa. Ana murnar sun koma bariki, sai ga ɗaya ya taho ya zauna kan benci a bakin lungu. Mutum zai biyo ta hagunsa ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, Lado na kallon gabansa. A Katsina kuwa ba a wasa da gaisuwa. Aka ce girman kai ne irin nasu. In zai yi magana muryarsa takan fita da ƙarfi don ba ya jin kansa sosai, aka ce tsawa ce ta bi jikinsa. Idanunsa jajaye ne saboda barci ba ya samuwa yadda ya kamata, aka ce yana sha, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa da kwalba.

Gwadabe yakan gaya wa masu kawo ɗinki, "Kunnensa ne fa. Ba ya ji ta nan ɓangaren."

Su ce, "Allah sarki. Allah shi ba shi lafiya." Gobe kuma a koma inda aka tsaya.

In abin ya dami Lado, ba a gani ba. Tun da ya dawo ba ya ɗokin komai, ba ya kuma jin haushin komai. In an kawo abinci ya ci, in an manta ba ya tambaya. Shi ma dai yana da nasa hukuncin a kan mutanen unguwar. A wurinsa farar hula ne, masu yawan surutu, marasa cika lokaci, waɗanda ba su iya tsayawa a layi ba. Bai nemi kowa ba, ba wanda ya neme shi.

Da damuna ta ɗauke ya fara neman aikin tuƙi. Gwadabe ya ji wata makarantar yara a Ƙofar Kwaya na neman direban bas, ya kai shi. Mai makarantar ta karɓe su hannu biyu, har sai da Gwadabe ya ambaci inda ƙanensa ya yi aiki.

Ta ce, "Malam Gwadabe, yaran nan ƙanana ne, ga ƙiriniya. In iyaye suka ji soja ke jan su, hankalinsu ba zai kwanta ba. Ka yi haƙuri."

Ba ta tambayi lafiyar kunnensa ba, wanda shi ne abin da zai iya hana shi aikin da hujja. A hanyar komawa Gwadabe na ta faɗa, Lado na gefensa yana tafiya. Wurare biyu ko uku da suka gwada bayan nan, maganar ba ta canja ba.

Mutum ɗaya ne ya zo har bakin shago ya yi masa tayin aiki. Alhaji Babaji ɗan kasuwa ne a unguwar, ya shiga siyasa da ƙafar dama, ƙofar gidansa kullum cike da samari.

Ya ce, "Kofur, yaran nan nawa ba su da mai tsawata masu. In za mu taro, ina son ka riƙa shige masu gaba. Ganinka kawai ya isa."

Lado ya ce, "Ni direba ne, Alhaji."

Alhaji ya yi dariya. "Direbobi sun yi mani yawa. Soja nika nema."

Lado ya ce zai yi shawara, bai kuma koma kan maganar ba.

Safara'u ce ta kawo zancen Haulat. Ƙawarta ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyu, ta koma gidan mahaifinta Malam Shehu tana murza taliya tana sayarwa. Lado bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba, aka dai sa masa rana ya je. A zauren Malam Shehu Haulat ta fito ta zauna, ta gaishe shi, bai amsa ba. Ta sake, bai amsa ba. Sai ta tashi da tabarmarta ta zagaya ta damansa ta sake gaisuwar daga farko. Tun daga ranar a nan take zama. Ita ke yawancin maganar, kan tsadar fulawa da rigimar ƴaƴanta, shi yana saurare. Wata rana ta tambaye shi yadda teku yake, ya daɗe yana gaya mata, har Safara'u ta ce ba ta taɓa jin ya yi zance mai tsawon haka ba tun dawowarsa.

Gwadabe ya je wa Malam Shehu da maganar aure. Tsohon ya ce ba ya ƙi, amma a ɗan dakata a ga kamun ludayin mutumin, a bari sai bayan Babbar Salla.

Ana saura ƴan kwanaki Sallar, ragon layyar Alhaji Babaji ya ɓace. Babban rago ne fari, an ɗaure shi a gindin dalbejiyar ƙofar gida don kowa ya gani. Da hantsi yana nan, da azahar babu shi. Wata mai talla ta ce ta ga wani Bafillatani ya tsaya yana kallonsa da safe. Samarin Alhaji suka bazu, ba a jima ba suka dawo da wani mutum siriri mai malfa, da sanda da igiya a kafaɗa, da ƙullin kanwa da maganin shanu a hannu. Kafin su iso lungun an fasa masa hanci, malfar ta faɗi, jama'a ta taru a bayansu.

Wani dattijo ya ce a kai shi wurin ƴan sanda.

Alhaji Babaji ya ce, "Su sake shi kafin magariba? Ku kai wa Kofur. Soja su suka san yadda ake sa mutum ya yi magana."

Lado na kan bencinsa suka tsaya a gabansa. Sai da Alhaji ya maimaita bayanin da ƙarfi sannan ya gane. Ya dubi mutumin: ɗan daji, da igiya, a makon layya. Bai yi shakkar shi ya ɗauki ragon ba. Sannan ya dubi taron. Akwai masu gora, akwai mai tsinken ƙarfe, na baya suna turo na gaba.

Ya taɓa ganin irin wannan a ƙasar da ya je. Ƴan sa-kai na can sukan tare hanya su sauke mutane daga mota su raba su biyu. Wanda gashinsa ya cukurkuɗe, ko yake da zane a dantse, ko harshensa ya yi kama da na wani yanki, ya koma gefe guda, a ce ɗan tawaye ne. Ba a ɗaukar lokaci wurin dubawar. Shi yakan zauna cikin tankarsa har a buɗe hanya ya wuce, kuma ya san waɗanda aka ware ba sa komawa cikin motar. Yanzu bai ji tausayi ba, bai ji fushi ba. Ya dai san inda irin wannan taron yake ƙarewa.

Ya miƙe ya ce, "Ku ba ni shi."

Ya kama hannun mutumin ya shiga da shi shago, ya rufe ƙofa ya sa sakata. Mutumin ya durƙusa a lungun ɗaki ya rufe kansa da hannuwa. Lado ya leƙa ta taga ya kira Safara'u, ya ce ta aika wa Gwadabe ya taho da mai unguwa da ƴan sanda. Ya jawo akwatin ƙarfensa, yana ƙara a kan siminti, ya zauna a kai. Ya ɗebo ruwa a randa ya miƙa.

Ya ce, "Mi sunanka?"

Mutumin ya motsa baki.

"Ɗaga murya. Ba na ji."

"Sa'idu, ranka shi daɗe."

"Ina ragon?"

Sa'idu ya yi magana ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Da ƙarfi, na ce maka. Faɗi da ƙarfi."

Sa'idu ya ɗaga murya. Ya rantse da Allah bai ɗauka ba. Ya ce daga rugarsu ya shigo da safe sayen magani, ya ga ragon ya tsaya ya duba, don rago ne mai kyau, ya wuce. Igiyar kuwa ko masallaci da ita yake zuwa. Yana magana yana kuka, yana roƙon kada a kashe shi.

Lado bai gaskata shi ba, bai kuma ƙaryata shi ba. Jinin hancin ya ƙi tsayawa, sai ya jiƙa tsumma ya ɗaga masa haɓa ya danne, jinin ya ɓata masa hannun riga. Da aka kira la'asar Sa'idu ya yi masa nuni da hannu, don shi bai ji kiran ba. Suka yi alwala a bokiti, suka yi salla, Lado a gaba. Daga nan suka zauna jiran isowar ƴan sanda.

Waɗanda ke waje sun ji jan ƙarfe, sun ji tsawa, sun ji kuka da rantsuwa, sannan suka ji shiru mai tsawo. Da ƴan sanda suka iso aka buɗe ƙofa, suka ga Sa'idu ya fito yana tangaɗi, suka ga jini a rigar Kofur.

Sa'idu ya kwana biyu a hannun hukuma, danginsa suka zo da arɗonsu suka yi belinsa. Ragon ba a gan shi ba har yau. Wasu sun ce ya tsallaka iyaka, wasu na raɗe-raɗin a cikin samarin Alhajin ne wani ya san inda ya shiga. Ba wanda ya bi diddigi, Alhaji ya sayi wani.

Labarin da ya zauna shi ne na ɗakin Kofur. Kafin a gama cin naman Salla an ce ɗaure shi ya yi da waya, an ce rataye shi ya yi, an ce shirun nan suma ne. Safara'u ta yi ta musantawa a gidajen suna da biki, tana cewa ta taga tana ganin komai, ruwa kawai ya ba shi. Mata suka ce ai dole ta rufa wa ƙanen mijinta asiri. Wani maƙwabci ya tambayi Lado kai tsaye a ƙofar masallaci.

Lado ya ce, "Ban taɓa shi ba."

Mutumin ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Haka ne, Kofur. Allah shi ƙara lafiya."

Bai sake yi wa kowa bayani ba. Mafi yawan masu ba da labarin ma yabonsa suke. Aka fara zagayowa ta gabansa a rusuna a gaishe shi. Uwaye suka samu abin tsorata yara.

Bayan Salla Malam Shehu ya aika a kira Gwadabe, ya zo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Gwadabe, ɗiyata na da marayu biyu. Mutumin da zai rufe ɗaki da ɗan Adam har jini ya fita, in na ba shi ita ba ni da kwanciyar hankali."

Gwadabe ya kwashe yadda aka yi ya gaya masa, tun daga kunnen har zuwa tsumman.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma in ba a san halinsa ba, mi ya sa duk unguwa shi aka kai wa? Soja dai soja ne. In bai yi wannan karon ba, ba mu san na gaba ba. A bar maganar."

Haulat ta shigo gidan wurin Safara'u bayan kwana kaɗan. Da za ta fita ta tarar da Lado a zaure, ta tsaya ta damansa.

Ta ce, "Na san ba ka yi ba. Safara'u ta gaya mani, kuma ko ba ta faɗa ba na sani. Amma Baba ya kafe."

Ya ce, "Ba komai."

Ta tsaya tana jira ko zai ƙara wani abu, ko zai ce zai je ya ga tsohon da kansa, ko a samu wani malami ya sa baki. Yana kallon bakin lungu. Ta gyara mayafinta ta ce ya gaida gida, ko da yake a gidan yake, ta tafi. Shekara na zagayowa ta auri wani malamin firamare suka koma Dutsin-ma.

Sa'idu kuwa sau ɗaya Lado ya sake ganinsa, a kasuwa wajen masu kanwa, tare da wani ɗan'uwansa. Lado ya ɗaga masa hannu. Sa'idu ya gane shi, ya rusuna daga nesa, ya raɗa wa ɗan'uwan wani abu. Ɗan'uwan ya dubi Lado da sauri ya kau da kai, suka bar cinikin suka shige cikin mutane.

Labarin ragon ne ya samo masa aiki. Wani da ya samu babban muƙami a sabuwar gwamnati ya tare a GRA yana neman mai gadin rana, wanda zai iya da masu zuwa neman alfarma. Alhaji Babaji ya ba shi labarin Kofur, da ƙari. Aka aiko, Lado ya je. Maigidan ya ce ya riƙa sa tsohuwar rigarsa ta kaki da takalmin sojan, in suna nan. Suna nan cikin akwati.

Maigidan ya ce, "Ba kowa zan gani ba. Kai ka san mutane. Wanda ya dace ka shigo da shi, wanda bai dace ba ya jira."

Ba a gaya masa yadda zai gane wanda ya dace ba, kuma bai sha wahalar koyo ba. Tun da ba ya jin bayanin mutane sosai, sai ya riƙa duba motar, da gugar rigar, da takalmin. Mai mota da direba a buɗe masa ƙyaure biyu. Mai babur da hula mai tsada ya shiga ta ƙaramar ƙofa. Masu silifas da ƴan ƙauye su zauna a inuwar katanga. Ba safai yake kuskure ba, maigidan na yabonsa a gaban baƙi.

Wata rana da bazara wata tsohuwa ta zo da ƙafa, zanenta ya koɗe, da ƴar jakar leda a hannu. Ta yi masa doguwar magana, ya tsinci sunan maigidan da kalmar asibiti. Ya nuna mata inuwar katanga. Ta zauna. Motoci suka shiga suka fita. Da azahar ta roƙi ruwan alwala ya ba ta a buta, ta yi salla a kan mayafinta, ta koma ta zauna. Sau biyu tana tasowa, sau biyu yana ce mata, "Baba, ki ƙara haƙuri." Da rana ta yi sanyi maigidan ya fita cikin mota mai baƙin gilashi. Tsohuwar ta bi motar da ido, ta kakkaɓe zanenta, ta yi wa Lado sai an jima, ta tafi. Bai san ko wace ce ba, ba ta kuma dawo ba.

Ya daɗe a wannan ƙofar. Maigidan ya sauka daga muƙami, wanda ya gaje shi ya gaji gidan da mai gadin. Sai da kunnen daman ya ƙarasa mutuwa, har mota ta yi ta oda bai buɗe ba, sannan aka sallame shi. Ya koma shagon ɗinkin Gwadabe yana sa maɓalli yana guga, ana yi masa magana da hannu. Bai sake neman aure ba. Ya rasu wata Laraba da hantsi bayan jinyar da ba ta kai mako ba, aka yi masa sutura bayan azahar. Gwadabe ya rufe shagon ɗinki har aka yi sadakar uku, rannan da yamma ya buɗe, don akwai kayan biki da ya yi alkawari.